Hannu Goma Sha Ɗaya a Kan Allon Tauraronmu

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, ko addu'ar bayan salla ba mu tsaya mun ƙarasa ba, don direban kwalejinmu ya rantse cewa in rana ta fito kafin mu wuce shingayen hanyar Kano, to jirgi sai dai mu hango shi a sama. Mu huɗu ne ban da shi: ni, da abokiyar aikina injiniya, da shugaban tawaga, da wani jami'i daga ofis wanda har muka je muka dawo ban gano aikin da aka turo shi yi ba. Kafin mu tafi na yi muku alkawarin zan kawo muku labarin yadda ake haɗa tauraron ɗan adam. Zan cika alkawari. Amma ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake, kuma ba zan tsaya ɓoyewa ba.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, wani kamfani ne a Doha yake haɗa ƙaramin tauraro, girmansa bai wuce burodi biyu a jere ba, ya kuma ba wasu ƙananan makarantu daga ƙasashe daban-daban gurbi ɗaya-ɗaya a cikinsa. Namu gurbin na allon lantarki ne mai faɗin tafin hannu, da 'yar kyamara a jikinsa wadda za ta riƙa leƙo madatsun ruwa da fadamun yankinmu daga sama. Shekara biyu da rabi abokiyar aikin nan tawa ta yi a kansa. Ita ta zana shi, ita ta liƙa kowace ƙwaya da dalma, ido a manne da madubin ƙara girma. Ni nawa gwaji ne, da gadin janareta kada ya ɗauke mata wuta a tsakiyar aiki. Sharaɗin kamfanin a fili yake: allo ya iso ranar Lahadi, ya ci jarrabawarsu, a ɗaura shi kafin Laraba da za a rufe tauraron. Wanda ya faɗi ba a jiransa.

Allon yana cikin wata leda mai ƙyalli da aka zuƙe wa iska aka manne bakinta, ledar kuma tana cikin baƙin akwati mai soso. Tun daga gida akwatin nan a cinyarta yake. Duk ramin da motar ta faɗa, kuma ramukan ba sa ƙirguwa, sai na ga ta ɗaga shi sama da hannu biyu kamar mai riƙe da kwanon miya. A filin jirgin Kano masu bincike suka ce sai an buɗe ledar. Ta zaro takardu ta shimfiɗa musu, ta tsaya ƙyam kusan rabin awa tana maimaita magana ɗaya cikin ladabi, har babbansu ya fito ya karanta ya ce a bar ta ta wuce. Shugaban tawaga a lokacin yana can ɗakin manyan baƙi yana shan shayi.

Mun sauka Doha ana shirin magariba. Ina fita daga sanyin filin jirgi tabarauna ya yi hazo, na tsaya ina lalube a gaban mutane. Zafinsu mai laima ne, riga ta manne maka tun ba ka yi taku goma ba. Direban da kamfanin ya turo ɗan Zangon Kumasi ne, shekararsa tara a Qatar, yana jin Hausa a bakinmu ya washe baki ya fara tambayar mutanen gida kamar ya san su. Titi kuwa, ni da na taso daga ramuka, har wani haushi ya riƙa ba ni. Layi biyar, shida, sumul, ba ɗan sanda a tsaye amma kowa yana tafiya a hankali, don kyamara ce ke gadin hanya kuma ba a ba ta haƙuri.

A Al Muntazah aka sauke mu, unguwar da talaka yake iya numfashi a garin. Gidajen haya ne a cunkushe, ƙasansu shagunan aski da na ɗinki da na gyaran waya, da gidajen abinci na Indiyawa. Shayinsu mai madara da suke kira karak riyal ɗaya ne kofi, kuma ba sai ka sauko daga mota ba, ka danna hon a kawo maka. Na sha uku a tsaye. A wani shagon kayan Afirka na ɗaga doya guda na tambayi kuɗinta, da aka faɗa mini na mayar da ita a hankali, na ba ta haƙuri.

A bakin otal aka fara. Shugaban tawaga ya miƙa hannu ya ce a ba shi akwatin, wai kayan gwamnati a wurin shugaba suke kwana, kuma sunansa ne a takardar kwastan. Abokiyar aikina ta ce masa, ranka ya daɗe, da an bar shi a wurina. Ya ɓata fuska. Ku ji abin da na yi: na matsa kusa da ita na ce ta yi haƙuri, kwana biyu ne kawai, kada a fara tafiya da rigima. Ta dube ni, ta miƙa masa.

Juma'a da Asabar ne hutunsu a can, don haka bayan an sauko daga masallaci direban nan ya kwashe mu zuwa Nu'aija, gidan wani dattijo da 'yan Zango suke ɗauka uba. Sun haɗu sun yi mana walima, kuma wallahi sun karrama mu. Akwai shinkafa da wake irin tasu mai jan launi, da baƙin yajin nan da suke kira shito, ga kuma faranti guda na shinkafar Larabawa da naman rago. Direbobi ne, da masu gadi, da masu aikin otal, mutanen da suka bar iyali shekara da shekaru, wasu hutun rabin yini suka roƙa wurin kafil, wato ubangidan da ya ɗauke su aiki, don su zo su ga waɗanda za su kai kaya sama. Mata suka ja abokiyar aikina zuwa ciki, mu maza muka baje a falo kan kafet.

Aka ci da hannu, aka wanke. Aka zagayo da kaskon turaren wuta, kowa ya buɗe riga ya turara. Aka biyo da kwalbar turaren mai, kowa ya shafa a tafin hannu. Sai shugaban tawaga ya yi wa jami'in nan alama, ya fita mota ya dawo da baƙin akwati. Ban san sun taho da shi ba.

"Ranka ya daɗe, da an nuna musu a cikin ledar," in ji ni, da wata murya da ni kaina da ƙyar na ji ta.

"Haba malam, 'yan uwa ne fa. Ledar ma ba a ganin komai ta cikinta."

Shugaban ya karɓi almakashi ya yanke bakin ledar. Ya zaro allon da yatsu, ya goga shi a hannun sabuwar shaddarsa don ya yi ƙyalli, ya ɗaga a yi masa hoto. Daga nan allo ya shiga zagaye. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya leƙa idon kyamarar, ya ce masha Allah. Da ya iso wurin dattijon, sai ya rungume shi a tafinsa ya yi doguwar addu'a, hawaye a idonsa, ya ce, "Allah shi kai shi lafiya, shi ɗaukaka mutanenmu da shi." Ya tofa sau uku, muka shafa.

Ba na jin haushin dattijon nan ko kaɗan, ba na jin haushin ko mutum ɗaya daga cikinsu. Abin da suke da shi mafi tsada suka ba mu, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wutar da ke taruwa a jikin mutum in ya goga ƙafa a kafet, wadda ko jin ta ba ya yi, ta isa ta kashe ƙwayar kyamara. Wanda nake jin haushi shi ne mutumin da ya zauna a taro uku ana bayanin wannan, yana danna waya. Da kuma ni, da na sani sarai, na zauna na harɗe ƙafa ina ƙirga hannaye a zuciyata, don kada a ce na kunyata babba a gaban baƙi.

A mota na gaya wa abokiyar aikina, don manyan sun shiga wata motar. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Hannu nawa?" Na ce goma sha ɗaya. Ta juya tana kallon taga. Ranar Asabar ba ta fito daga ɗaki ba. Ni na hau jirgin ƙasansu na ƙarƙashin ƙasa, riyal biyu, na je bakin teku na zauna ina kallon dogayen benaye, ban ga kyawun ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi da sassafe muka nufi kamfanin. Yana can bayan Al Wukair, inda sababbin gidaje iri ɗaya suke ta tsirowa a cikin rairayi, sai ka wuce su ka shiga fili fetal. Ginin daga waje ba abin kallo ba ne, ka ce ɗakin ajiyar kaya ne. Wanda ya tarbe mu a ƙofar ɗakin haɗi wani ma'aikaci ne ɗan Filato, Kirista, da Hausarsa ta Jos tar. Ya ce mutum biyu kawai ake bari daga kowace tawaga. Shugaba ya gyara hula ya yi gaba. Mutumin ya ɗan ja numfashi ta hanci, ya tare ƙofa da hannu.

"Oga, sannu fa, amma turaren nan ba zai shiga ba. Ko ka canza kaya yana jikinka. Akwai gilashi a can, za ka ga komai."

Shugaba ya fara jero muƙamansa. Mutumin ya saurara har ya gama, ya ce, "Na ji, oga. Khalas, magana ta ƙare, gilashi." Tun da muka baro gida ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Kafin a shiga akwai takarda, kuma a cikinta akwai tambaya: an taɓa buɗe ledar a wajen ɗaki mai tsabta? Tun a mota shugaba ya ce a rubuta a'a, tunda an manne ta da salatif. Abokiyar aikina ta rubuta e, ta ƙara da cewa mutum goma sha ɗaya sun taɓa shi da hannu, akwai turare, akwai yawu. Ta sa hannu ta miƙa.

Yanzu ga abin da na yi muku alkawari. Shiga ɗakin ma aiki ne. Za ka taka wata tabarma mai danƙo ta cire ƙurar takalmi. Ka rufe gashi, ka rufe gemu, ka sa takunkumi, ka zura riga mai haɗe da wando, ka sa safar ƙafa a kan takalmi, safar hannu ita ce ƙarshe. Ba a shiga da fensir, ba a shiga da takarda irin tamu, ba hoda, ba kwalli. Iska daga rufi take saukowa ta fice ta ƙasa, dare da rana, don kada ƙura ta sami wurin zama. Kafin ka taɓa komai sai ka ɗaura wani zobe a wuyan hannu mai waya da ta tafi ƙasa, tana zubar da wutar jikinka.

Ba a fara haɗa tauraro a tsaye. Shimfiɗa shi ake yi a kan tebur gunduwa-gunduwa: ga allon batir, ga kwamfutar da ke ba da umarni, ga rediyo, ga na'urar da ke juya shi ya fuskanci inda ake so. A jona su da wayoyi a kunna, a tabbatar kowanne yana jin maganar ɗan uwansa. Sai an gamsu sannan a fara jera su ɗaya bisa ɗaya a jikin sanduna huɗu, da 'yan zobba a tsakani don kada su taɓa juna. Bayan nan a sa firam, a naɗe eriya, a rufe da farantan sola.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sukuru. Ba mai ɗaure sukuru shi kaɗai. Ɗaya yana ɗaurewa da sukundireba mai awo wadda take yin ƙas in ƙarfin ya kai, ɗaya yana tsaye yana kallo, ya karanta lambar, ya sa hannu. Sannan a ɗiga wa kan sukurun gam don kada ya kwance. Na ga an yi minti ashirin a kan guda ɗaya. Dalili kuwa, in an rufe za a ɗora tauraron a injin da zai girgiza shi yadda roka za ta yi, sannan a kulle shi a tukunyar ƙarfe da ba iska, a gasa shi a daskarar da shi, a sake gasawa. A sama ba makanike. A gabana wata ma'aikaciya ta ce wa babban injiniyan kamfanin ya dakata, bai ɗaura zoben hannunsa ba. Ya tsaya cak, ya ɗaura, ya yi mata godiya, aiki ya ci gaba.

Da aka zo kan namu, ɗan Filaton ya kashe fitilar teburin ya haska allon da wata fitila mai shuɗin haske. Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Zanen yatsu ne ko'ina suna ƙyalli, manya da ƙanana, wani kan wani. A idon kyamarar ga 'yan ɗigo-ɗigo. Ya yi mana bayanin abin da muka riga muka sani, cewa man turare in ya je inda ba iska tashi yake yi, ya sauka a kan kyamarorin sauran makarantu ya makantar da su. Ya ce, "Madam, da kin rubuta a'a, da yanzu mun mayar miki da shi cikin akwati mun rufe. Tunda kin faɗi gaskiya, yalla, zo mu gwada."

Yini guda suka yi su biyu suna wanke shi da sinadari da 'yan tsinkaye masu auduga, lungu-lungu. Aka sa shi a tanda ya kwana ya wuni don man ya fita. Ranar Talata da la'asar aka sake haskawa, ya fito tas. Har na fara hamdala. Aka jona shi aka kunna. Hoto ya fito a kwamfuta, rabin dama garau, rabin hagu baƙi ƙirin. Aka kashe aka kunna, aka canza waya, aka sake. Wuta ta riga ta ƙona ƙwayar, kuma guda ɗaya tak muke da ita, sai an yi wata da watanni kafin a samo wata. Ta bayan gilashi ina hango shugaba yana ɗaga mana babban yatsa yana tambaya ko an gama.

Ba a barin gurbi a buɗe a cikin tauraro, don an riga an auna nauyin kowane ɓangare, in wani ya ɓace sai ya riƙa karkacewa. Saboda haka ranar Laraba da safe aka kawo wani guntun ƙarfen alminiyam da aka yanka daidai faɗin allonmu, daidai nauyinsa, ba waya ba komai. Shi zai zauna a wurin. Shugaba, da ya gane, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya aiko a tambaya ko za a iya rubuta sunan kwalejinmu a jikin ƙarfen. Aka ce masa abin da ba ya cikin zane ba ya hawa. Sai ya nemi a ɗaga masa shi ta gilashi ya yi hoto.

Babban injiniyan ne ya miƙa wa abokiyar aikina sukundireban, ya ce gurbinta ne, in tana so ita ta rufe shi. Na zaci za ta ƙi. Ta karɓa. Sukuru huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ɗan Filaton yana karanta lamba yana sa hannu. Takunkumi ya rufe mata fuska, amma na ga samansa ya jiƙe. Ni fita na yi, don ba a so a yi kuka a ɗakin, shi ma datti ne.

Mun kamo hanyar gida ranar Alhamis, akwatin ya koma cinyarta. A jirgi shugaba yana ta rubuta rahoto, ya leƙo ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan fitilar nan mai shuɗin haske. Na ce masa ban sani ba. Wannan ita ce iyakar jarumtar da na yi a duk tafiyar.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na tafi ina zaton abin da ya raba mu da masu haɗa tauraro shi ne kuɗi da injuna. Suna da su, ba musu. Amma allon da aka liƙa a ɗakinmu mai janareta, ba wanda ya sami kuskure ko ɗaya a aikinsa. Abin da suke da shi wanda ba mu da shi, shi ne ƙarami ya ce wa babba ajiye, kuma ya ajiye. Shekarata ashirin ina koya wa ɗalibai kada su taɓa allo da hannu, ranar da aka buƙaci in faɗa da ƙarfi sau ɗaya, kunya ta riƙe mini baki. Na faɗi wannan a rubuce a ofis, na kuma faɗa muku a nan, duk abin da zai biyo baya ya biyo.

Mun isa kwaleji ranar Juma'a da hantsi, muka tarar an kafa rumfa da kujeru. Shugaba ya karɓi lasifika ya ce tawagarmu ta sa hannu a haɗa tauraron ɗan adam, aka yi tafi. A gefen rumfar mahaifin abokiyar aikina yana zaune, tsohon manomin fadama, tun asuba ya taso daga ƙauye da hularsa ta zuwa biki. Da ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya ce mata maƙwabta sun aiko shi da tambaya, wace rana abin nata zai wuce ta saman gonakinsu, don su fito su gani.

Ta ajiye akwatin a gabansa.

"Baba, zai wuce. Amma nawa ga shi nan na dawo da shi. Sukuru huɗu ne kawai nawa a can."